Saniyar Da Ta Ɓace Mini A Chappal Waddi

A ƙasar Hausa ba a hawa dutse haka siddan. In ka hango mutum a kan dutse, to ko akuyarsa ce ta maƙale, ko sabis ɗin waya yake nema, ko kuwa mutanen ɓoye ne suka aika masa sammaci. Kakanninmu da suka zauna a Dala da Kufena da Kwatarkwashi ma ba sha'awar kallon gari ce ta kai su ba. Tsoron mahara ne, da haƙar tama, da bautar abin da suke bauta wa a wancan zamani. Da hankali ya kwanta kowa ya sauko ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa, inda Allah ya yi wa ɗan Adam wurin zama. Don haka duk wanda zai ɗauki kuɗin guminsa ya tafi wata uwa duniya don kawai ya hau dutse, ya tsaya, ya duba, ya sauko, to ya tafi da bayani a aljihu, domin za a tambaye shi.

Ni taubashi ne ya ja mini. Ina da wani ɗan kawuna, Bazazzagi, yana koyarwa a Jalingo. Ya zo Kano biki, muna cin abinci matanmu na jin mu, sai ya ce wai Kanawa ne kaɗai a duniya za su ga tarin ƙasa su sa masa suna dutse, har su yi masa matattakala. Na ce ni ɗin nan da yake gani ina hawa Dala ba tsayawa, wani lokaci ma ina amsa waya. Ya ce madalla, ashe an samu gwani. A can Taraba akwai Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, duk faɗin Najeriya babu inda ya kai shi bisa, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru. In na isa, in zo da rani mu hau. Bakano ba ya janye magana a gaban Bazazzagi, balle ga uwargida ta ajiye cokali tana kallona. Na ce ya sa rana.

Shiri kam na yi shi. Na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na zaɓo wani jibgegen takalmi irin na sojoji. Da na gwada na ji ya ɗan matse ni, mai kayan ya rantse cewa fata ce, za ta buɗe. Na sayi rigar sanyi mai hula, da fitilar ɗaurawa a goshi, da sanda mai naɗewa. Uwargida ta haɗa dambun nama da kilishi da yaji da man zafi, ta ƙara da mudun wake, wai ko za a yi baƙi. A ƙasan jaka kuma na ninke babbar rigata ta shadda da hular zanna, domin mutum ba zai tsaya a ƙololuwar ƙasarsa a ɗauke shi hoto cikin kayan gwanjo ba.

Na bi ta Bauchi da Gombe da Numan na isa Jalingo, na ɗauki taubashin nawa da 'yar jakarsa guda a kafaɗa. Daga nan Bali, sai Serti, inda hedikwatar gandun take. A nan ake yankar takardar shiga, a haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka. Namu wani siririn mutum ne marar yawan magana, da bindiga a rataye. Ya zaunar da mu ya yi mana karatu. A 1991 aka kafa gandun, in ji shi, da aka haɗe tsofaffin dazuzzukan Gashaka da Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, babu mai girmansa a ƙasar nan. Akwai ɓauna da dorina da damisa, da tsuntsaye sama da iri 500, da biri mai ganga, wanda ke dukan saiwar manyan itatuwa a jiwo amon daga nesa. Sannan dokoki: ba a yar da leda, ba a tsinkar ko ganye, ba a barin layi, ba a ba dabba abinci. A takardar da na cike akwai gurbin dalilin zuwa, na rubuta yawon buɗe ido. A duk tafiyar, wannan takarda ce kaɗai ta karɓi maganar ba musu.

Kafin a fuskanci dutsen, ma'aikacin ya ce mu ɗan taka ƙasa-ƙasa a wajen ƙauyen Gashaka, ƙafa ta saba. Ya kai mu bakin Mayo Kam, muka hango dorina ta fito da hanci da kunnuwa, sauran jikin ta bar wa ruwa ajiya. Ya nuna mana kufan ginin da Jamusawa suka yi a kan tudu zamanin da yankin ke cikin Kamarunsu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da shi hannun Ingila, kafin kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Najeriya. Ni tarihi yunwa yake sa ni, sai na samu gindin bishiya na buɗe kilishi. Ban kai yanka na biyu baki ba na ji an karɓe ƙunshin gaba ɗaya daga hannuna, cikin natsuwa, ba fizga. Wani ƙaton gwaggon biri ne. Ya koma kan dutse taku kaɗan daga inda nake, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɓare takarda, ya shiga ci yana kallona, yajin na sa shi lumshe ido.

"Alhaji, na ce fa ba a ba su abinci," in ji ma'aikacin.

"Ofisa, don Allah a nan ina ka ga alamar kyauta?"

Taubashina ya ce shi dai a matsayinsa na shaida, bai ga na hana ba.

Daga Serti muka bi hanyar Gembu. Da an wuce Mayo Selbe mota take fara hawan tsaunin Mambila, kwana bayan kwana, nan dutse can rami, direba na ba da labarin motocin da suka taɓa gangarawa yana nuna wuraren da hannun da ya kamata ya riƙe sitiyari. Kunnena ya toshe, ya buɗe, ya sake toshewa. Da hawan ya ƙare sai ga wata ƙasa dabam: tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, bishiyoyin turare a jere, shanu ta ko'ina, ga iska mai sanyi da rana tsaka. Tudun nan wajen mita 1,600 yake sama da teku, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara. Wato tun ina zaune a mota na ninka Dala kusan sau uku. Na sanar da taubashina haka, na ce in ya ga dama a rubuta a juya gida. Bai ga dama ba.

A Nguroje mota ta ce ga garinku, sauran hanyar zuwa Njawai ta acaɓa ce. Tun kafin mu fita gari yaron da ya ɗauke ni ya karkato kai ya ce, "Alhaji, shuɗin ko? In shi ne, yayana yana haƙa, zai yi maka sauƙi." A yankin ana haƙo wani shuɗin dutse mai daraja, safaya, kuma a ganinsa babu abin da zai kawo mai tumbi irina nan in ba shi ba. Na ce a'a, kallo na zo. Ya yi dariya ya ce ya gane, harkar ba a faɗin ta a hanya. Sannan ya kashe inji don tattalin mai, ya saki babur a gangara. Duk addu'ar da na haddace tun daga makarantar allo na biya ta kafin mu kai gadar katakon da ke ƙasa, har da ta shiga kasuwa.

A ƙauyen da muka sauka kuma, dattawa suka ga ma'aikaci da bindiga a bayana, ga jaka niƙi-niƙi, suka yanke cewa jami'in gwamnati ne ya zo duba maganar wutar Mambila da aka daɗe ana jira. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, wani dattijo ya miƙe ya jero buƙatu: hanya, asibiti, malamin makaranta. Na ce ni baƙo ne, dutse zan hau in ga gari. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ai dole sai an hau sama ake awo. Na karɓi takardar koke da hannu biyu na sa a aljihu.

Da asuba muka kama hanya, mu da 'yan dako biyu. Jakar da na sha fama kafin in ɗaga ta daga ƙasa, ƙaraminsu ya ɗora ta a ka, ya ɗora tukunya a kanta, ya wuce gaba da takalmin roba yana sauraron rediyo. Hanyar kanta ba wani ne ya zana ta don baƙi ba. Turba ce da kofaton shanu da ƙafar masu zuwa kasuwa suka sassaƙa shekara da shekaru, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba, wani wurin ta zurma har gwiwa. Sai ta bi doron tudu cikin ciyawa, sai ta sulala cikin kwari inda kurmi ya cunkushe a bakin rafi, ga duhu ga duwatsu masu gansakuka, ka tsallaka ruwan da sanyinsa ke hawa har cikin haƙori, sannan ta sake miƙewa sama. Abin da ya fi ci mini rai, duk abin da ka hau da gumi, kwari na gaba sai ya karɓe rabinsa.

Kuma tuddan nan ba su da amana. Ka hango ƙarshen wanda kake kai, ka yi hamdala, ka tattara ɗan abin da ya rage maka ka isa, sai ka tarar da babban wansa tsaye a baya yana jiranka. Bayan na tarar da wa da baffa da kaka, na tambayi ma'aikacin ko saura nawa. Ya ce, "Mun kusa farawa."

Takalmin da aka ce zai buɗe bai buɗe ba, dunduniyata ce ta buɗe. Numfashi kuma ya koma abin lissafi. Taubashina, da yake malamin makaranta ne kuma ba a tambaye shi ba, ya bayyana mini cewa a can saman kowane jan numfashi wajen kashi uku cikin huɗu ne kawai na abin da mutum ke samu a bakin teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri shida. Na ce to mu a Kano ba a yi mana wannan rowar. Na shiga tsayawa akai-akai, amma ba don gajiya ba. Igiyar takalmi ce take yawan kwancewa. Akwai kuma tsirran da ya kamata mai ilimi ya tsaya ya duba. Da waɗannan suka ƙare na fara tambayar ko lokacin walha bai yi ba. Taubashina ya ce tun muna yara bai san ni da nafila haka ba, lallai dutse wa'azi ne.

Wajen azahar muka fito wani leɓen dutse inda ƙasa ta yanke a gabanmu. Ma'aikacin ya ce a nan ake tsayawa. Na dafa sanda na duba. Tuddai ne jere bayan jere, na kusa kore, na bayansu shuɗi, na can ƙarshe sun narke cikin sama. A kowane lungu tsakaninsu kurmi ya kwanta baƙi ƙirin, kuma daga kowane kurmi wani siririn ruwa na fitowa yana ƙyalli. Can ƙasa garken shanu ya bazu, ba ka gane su sai sun motsa. Wata shirwa na shawagi, mu muna kallon gadon bayanta. Ban taɓa ganin tsuntsu yana tashi a ƙarƙashina ba sai ranar. Ma'aikacin, wanda tun safe bai yi magana goma ba, ya nuna kurmin da baki ya ce saboda waɗannan ake biyansa albashi. Su ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa a hankali har rani. Ƙoramun tsaunukan nan su ke haɗuwa su zama kogin Taraba da na Donga, su kuma su faɗa Binuwai. A sare itatuwan, damina ta zo da ambaliya, rani ya zo da yashi, kuma mai lambu a can ƙasa da bai taɓa jin sunan dutsen ba shi zai fara kuka.

Taubashina ya ce in fito da waya. Na ce wannan ai somin taɓi ne, cajina na ƙololuwa ne, ba zan ɓarnatar da shi a rabin hanya ba. Ya ce to, ya ɗauki nasa.

Gaba da wurin nan hawan ya miƙe tsaye sosai, kuma a nan ƙaddara ta same ni. Ina rarrafe, hannu ɗaya a sanda ɗaya a ciyawa, sai na ji gafara a bayana. Wata tsohuwar Bafulatana ce, sa'ar gwaggona, da ƙwarya a ka, ba takalmi, ta dawo daga tallan nono. Akwai rugage a cikin gandun, a wuraren da hukuma ta keɓe wa waɗanda ta tarar a can, kuma hawan nan da nake shirin yin wasiyya a kansa hanyar gidanta ce. Ta tsaya ta dube ni daga takalmi har hula, ƙwaryar ko girgiza ba ta yi.

"Sannu, ɗana. Saniya ce ta ɓace maka?"

Ba ni da iskar amsawa. Haki nake, kaina na sama yana ƙasa, ita kuwa ta ɗauka i nake cewa.

"Ayya! Allah ya bayyana. Wace iri ce?"

Daidai nan ƙafata ta zame. Na miƙa wa taubashina hannu ina cewa, "Ja... ja..." don ya jawo ni.

"Ja ce," in ji tsohuwa.

Taubashin da Allah ya haɗa ni da shi, maimakon ya kama hannuna, sai ya gyara tsayuwa ya sa fuskar jimami. "Ja ce, Inna, mai farin goshi. Ga ta da ciki. Tun daga Kano yake bin sawunta, ko abinci ba ya iya ci."

Tsohuwa ta riƙe baki. Ta sauke ƙwarya, ta ɗebo mini ragowar kindirmo a ludayi, ta ce in sha in yi haƙuri, dukiya ba ta fi rai ba. Ta ɗora kayanta ta haye tudun, kafin in gama haɗiya ta ɓace.

Muka yada zango a gefen wani kurmi. Na ba da umarni a dafa waken uwargida. Aka hura wuta, ruwa ya tafasa, wake ya yi ta rawa a tukunya har bayan lisha, amma in ka tauna sai ka ji ƙaras. Malamin makaranta ya sake samun aiki: a irin wannan bisa ruwa ba ya jiran digiri 100, tun wajen 92 ko 93 yake tafasa, don haka tafasar ta ganin ido ce. 'Yan dako suka tuƙa tuwon masararsu, suka ci suka kwanta. Ni na ci waken a haka saboda mutuncin wadda ta auno shi, cikina kuwa ya kwana yana ba da labari.

Sanyin daren ba irin hunturun da muka sani ba ne, wanda ke tsayawa a fata. Wannan ƙashi yake nema. Na sa rigar gwanjo, na sa duk singiletin da na zo da su, na zura safa a hannu. Can tsakar dare na buɗe ƙasan jaka na zaro babbar rigar hoto, na ƙudundune a ciki na matsa jikin wuta. Da asuba na taɓa ruwan buta da ɗan yatsa, na buɗe muhawara a kan halin da taimama ke halatta. Ƙaramin ɗan dakon ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce ai ga rafi nan ruwa bai ƙare ba, ya tsuguna ya yi alwalarsa har da kurkurar baki sau uku. Da haske ya fito na ga ƙuna a babbar rigar, faɗin tafin hannu, daidai kan aljihu inda aikin ya fi kyau.

Hawan ƙarshe babu itace, gajeriyar ciyawa ce da duwatsu da iska. Muna cikin tafiya gajimare ya taso daga kwari ya lulluɓe mu. Na koma bin dugadugan ma'aikacin, don su kaɗai nake gani. Can sai ya tsaya, ya sauke bindiga ya ce, "Nan ne."

"Nan ne ina?"

"Ƙarshen Najeriya ta sama, Alhaji. Can Kamaru, can Gashaka, can Mambila."

Yana nuni ina bin hannunsa da ido. Ko'ina fari fat, kamar mutum ya tura kai cikin ƙwaryar koko. Na ce yaushe zai washe. Ya ce wani lokaci yanzu-yanzu, wani lokaci jibi.

Duk da haka ban fasa ba. Na warware babbar riga mai ƙuna, na kafa hular zanna, na tsaya na dafa sanda. Na fara ɗan jawabin da na tsara tun daga Gombe a kan himmar Kanawa. Ina kai wa "a madadin al'ummar Dala" iska ta ɗauke hular ta yi gabas da ita. Ma'aikacin ya bi ta da kallo, ya ce ta shiga Kamaru, kuma aikinsa bai tsallaka iyaka ba. Wayata da tun Nguroje ba ta ce uffan ba ta yi ƙara: saƙo ne da Faransanci, ana yi mini maraba da zuwa, ana gaya mini kuɗin kira a minti. Hoton da aka samu shi ne wani mutum ba hula, baki buɗe, hannu ɗaya a sama, a gaban farin bango. Taubashina ya ce in an yi musu zai ba da shaida cewa ba a shagon hoton fasfo aka ɗauka ba.

Masu cewa gangara ta fi hawa sauƙi ba su taɓa gangarowa da gwiwar ɗan kasuwa ba. Yatsuna suka yi ta dukan gaban takalmi, har yaron dako ya tausaya ya ciro wasu tsofaffin takalman roba daga buhunsa ya ba ni, na rataya na sojan a wuya. Wuraren da suka fi miƙewa na sauko su a zaune, hanyar da masana ba su ba ta haƙƙinta ba. Ina lissafin in mun isa leɓen dutsen jiya zan rama hotona, sai ma'aikacin ya leƙa ƙasa ya ce gajimaren ya riga mu zuwa.

Na ɗauka wahala ta ƙare, sai ga yara biyu da sanduna a bakin turba, suka ce Arɗo na kira. Muka tarar da taro: dattawa a kan buzu, samari a tsaye, mata daga gefe, tsohuwar jiya a gaba tana nuna ni. A tsakiyar fili an ɗaure jajayen shanu uku masu dogayen ƙaho. Ashe tun daren jiya labari ya zaga rugage. Samari sun kwana suna bin kwaruruka cikin sanyin nan da ya sa ni ƙona riga, sun tattaro duk wata jar saniya da ta shiga garken da ba nata ba.

Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da sanyi da sauran shanun. Aka yi mini jaje ɗaya bayan ɗaya. Arɗo, dattijo mai farin gemu, ya ce, "Alhaji, bismilla, duba taka."

Na ga abin ya wuce wasa, na gyara murya. "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Amma ni ba saniya na zo nema ba. Kallo na zo."

"Kallon me?"

"Dutsen."

Aka yi tsit. Arɗo ya waiga ya dubi dutsen, ko wani abu ya same shi bai sani ba. Ya juyo. "Alhaji, dutsen nan tun kakan kakana yake nan. Bai taɓa yin komai ba."

"To, ai daga samansa ake hango ƙasa."

"Ƙasar da ka baro?"

Na dubi taubashina neman agaji, na tarar ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wani dattijo ya yi magana da Fulatanci, taro ya amsa da gyaɗa kai. Ma'aikacin ya fassara mini: wai sun gane, kara ce. Na ga an sha wahala saboda ni, shi ya sa nake cewa ba komai. Wai ba su zaci Bahaushen birni na da fulaku haka ba. Nan take darajata ta ƙaru, aka ƙaro mini nono.

Babu yadda zan yi, na tashi duba shanu, da takalmi a wuya da riga mai ƙuna. Ni da saniya sai a kwano muke haɗuwa. Na zagaya ta farko ina gyaɗa kai. Na leƙa haƙoran ta biyu, don na taɓa ganin ana yi a kasuwar Wudil. Ta ukun ba ta ji daɗin kallon da nake yi mata ba, ta sunkuyar da ƙaho ta yi taku ɗaya, sai ga ƙafafun da suka ce sun mutu sun kai ni bayan Arɗo kafin kowa ya kifta ido. Daga can na sanar da jama'a cewa duk cikinsu babu mai farin goshi irin na tawa.

Arɗo ya ce kada in damu, saniya ba ta ɓata a dutsen nan, sai dai ta yi nisan kiwo. Ya sa ɗansa ya karɓi lambar wayata. Na ciro kuɗi don samarin da suka kwana a daji, aka ƙi karɓa. Da ƙyar aka amshi dambun naman uwargida da fitilar goshi da sunan tsaraba. Aka raka mu har rafi ana yi mini addu'ar Allah ya mayar da alheri.

Na dawo Kano na yi kwanaki ina salla a kan kujera, maƙwabta na shigowa dubiya da lemo da ayaba. Duk wanda ya tambayi abin da ya kai ni Taraba, na lura in na ce kallo sai ya dubi uwargida da tausayi. In na ce harkar shanu ce, sai ya ce Allah ya sa albarka, a wuce wurin. Na zaɓi mai sauƙin.

Sai kira ya fara shigowa. Duk ranar da ɗan Arɗo ya sauko kasuwa ya samu sabis zai neme ni: an ga wata ja a kwari kaza, amma goshinta ba fari ba; an ga mai farin goshi, amma bijimi ne. Ina godiya ina cewa a bar wahala haka, yana cewa ai hidimar ɗan'uwa ba wahala ba ce. Uwargida, da ke jin rabin zancen, ta fara tambayar shanu nawa nake ɓoyewa a Mambila, kuma wace ce take shan nononsu.

Bayan 'yan watanni Arɗo da kansa ya kira. An same ta. Ja ce, ga farin goshi, ta shigo garke ba mai ita, har ta haihu, maraƙi namiji. An yi cigiya a rugage da kasuwanni babu wanda ya ce tasa ce, don haka tawa ce. Sai dai ba a miƙa dabba ta waya. In zo da ƙafata in gan ta a gaban shaidu, tana can rugar sama, gaba kaɗan da inda na haɗu da tsohuwa.

Na shafa gwiwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ni yanzu jiki ya ƙi. Amma ina da wakili a Jalingo, malamin nan da muka zo tare. Shi ya san ta tun tana maraƙa, shi ne ma ya fara faɗin farin goshinta. Ga lambarsa. In ya ce bai san zancen ba, kada a kula shi, kara ce. A yi ta kira har ya zo."